Motar noma mai yoyon mai: a gyara ta tun ruwa bai sauka ba

Ƴan'uwa manoma da makiyaya, ga mu cikin rani. Yanzu ne motocin noma suke hutawa a gindin itace ko a bayan magazan na ƙungiya. Ku je ku duba ƙarƙashin taku. In kun ga ƙasa ta yi baƙi, ta jiƙe da mai, ku sani motar tana yoyo. Mutane da yawa suna cewa: «Ai tsohuwa ce, dole ta yi ɗigo.» Sai su sayi mai su ƙara, gobe ma su ƙara. Ranar da aka manta ba a ƙara ba, ranar ce inji yake ƙonewa a tsakiyar gona.

Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. In ruwan shuka ya sauka, kowa yana neman makaniki, kayan gyara su yi tsada, masu gonaki su yi layi suna jiran huɗa. Motar da ta kwanta kwana goma a wannan lokaci ta ɓata wa mutane da yawa shekararsu. Shi ya sa muka kawo muku wannan bayani tun yanzu.

Wace irin mota muke magana?

A karkararmu, daga Maraɗi zuwa Damagaram, daga Ƙonni zuwa Tawa, tarakta da aka fi sani ita ce jar nan Massey Ferguson. Ƙaramar, mai lamba 135, an fara ƙera ta a shekarar 1964, an yi ta a Ingila da Faransa.  Injinta na Perkins ne mai fistin 3, yana shan gazuwal, ƙarfinsa wajen doki 45. Yayarta mai lamba 165 tana da fistin 4. Ƙarfen waɗannan motoci yana da ƙwari ƙwarai, shi ya sa har yau suke aiki. Amma ba ƙarfe kaɗai ke cikin mota ba. Akwai roba, akwai takarda, akwai jan ƙarfe mai laushi. Su ne suke tsufa da wuri.

Abin da za mu faɗa a kan 135 ya shafi sauran tsofaffin motocin noma, ko da sunansu dabam.

Mene ne juwan?

Inji ba dunƙulallen ƙarfe ɗaya ba ne. Gunduwa-gunduwa ne aka haɗa da noti. Ƙarfe biyu in sun haɗu, ko yaya suka yi santsi, mai zai sami hanyar fita. Saboda haka ake shimfiɗa wani abu mai laushi tsakaninsu. Makanikan ƙasarmu suna ce masa juwan. Waɗanda suka koyi aiki a Najeriya suna cewa gaskit. Abu ɗaya ne.

Iri uku ne ya kamata ku sani.

Na farko shimfiɗaɗɗe ne, na takarda mai kauri ko na ɓawon wani itace mai laushi. Yana zama tsakanin ƙarfe biyu da ba sa motsi, kamar murfin kan inji ko kwanon mai na ƙasa.

Na biyu zobe ne na roba mai ƙarfe a jiki. Yana da leɓe a ciki, da ɗan siririn waya mai matse leɓen. Shi ne yake rungume sandar ƙarfe mai juyawa, ya bar ta ta juya, ya hana mai bin ta. Shi ake kira juwan sipi.

Na uku ƙananan zobba ne, wasu na roba zalla, wasu na jan ƙarfe. Ana samun su a matatar gazuwal, da bakin tiyo na ƙarfe, da notin juye mai.

Me ke kashe juwan?

Zafi shi ne na farko. Roba sabuwa tana lanƙwasa kamar ɗanyen reshe. Zafin inji da zafin ranarmu suna busar da ita har ta yi tauri ta tsage.

Ƙura ita ce ta biyu. Rairayi yana manne wa mai a bakin juwan, sanda tana juyawa, sai ya riƙa cin leɓen robar kamar dutsen niƙa. Har ƙarfen kansa yakan ci, ya yi masa zobe.

Na uku zama ne. Motar da ta yi wata bakwai ba a tada ta ba, robarta tana bushewa. Ku riƙa tada ta ko sau biyu a wata, ku bar ta ta yi ɗumi, ku ɗan zagaya da ita.

Na huɗu shi ne cika mai fiye da kima. A jikin sandar awon mai akwai zane biyu. Kada mai ya sauka ƙasa da na ƙasa, kada ya wuce na sama. Wanda ya cika ya wuce zane bai yi wa motar gata ba, man zai nemi hanyar fita.

Na biyar mutane ba su cika lura da shi ba. Inji yana da tiyon numfashi da ke fitar da hayaƙin cikinsa. In laka ta toshe shi, ko zanzaro ya yi gini a ciki, iska ta rasa mafita, sai ta tura mai ta kowace kafa. Kafin ku sayi juwan ko ɗaya, ku duba wannan tiyo. Wani lokaci buɗe shi kaɗai yana rage yoyon.

Mu yi lissafi

A ce kowace rana ta aiki kuna ƙara rabin lita na man inji. Kwana 30 ke nan lita 15. Alhali cikin injin 135 gaba ɗaya bai wuce kusan lita 6 ba. Wato a wata ɗaya kun zubar da abin da ya fi cikin inji biyu. Ku tambayi kuɗin lita a kasuwarku, ku ninka sau 15, ku rubuta. Sannan ku tambayi kuɗin juwan. Ku gwada su ku gani da idonku. Wannan lissafin bai haɗa da kuɗin inji in ya ƙone ba.

Yadda ake gano inda yake fitowa

Inda mai ya ɗiga ba nan ne kullum ya fito ba. Mai yana gangarowa daga sama, iskar fanka kuma tana kora shi baya. Wanda ya yi gaggawa zai kwance wurin da lafiyarsa lau.

Ga yadda za ku yi. Ku kankare laka da tsohon mai, ku wanke injin da tsumma da ɗan gazuwal, ku goge ya bushe. Ku barbaɗa tankaɗaɗɗiyar toka inda kuke zato. Ku tada inji ya yi minti goma sha biyar, ku kashe shi. Inda toka ta fara jiƙewa daga sama, nan ne bakin ciwon. Da dare ku shimfiɗa kwali a ƙarƙashin motar. Da safe ku karanta abin da ta rubuta muku:

– Baƙin mai mai kauri, man inji ne.

– Mai mai haske kamar zuma, daga tsakiyar mota zuwa baya, man giya ne. A 135 mai ɗaya ne yake yi wa giya da ƙafafun baya da abin ɗaga garma aiki, kuma ya fi lita 20.

– Mai ruwa-ruwa mai wari, gazuwal ne.

– Ruwa mai tsatsa daga gaba, na radiyata ne ko famfon ruwa.

Ku duba sandar awo kuma. In man ya koma fari-fari kamar kindirmo, ruwa ya shiga. In a inji ne, kada ku sake tada shi sai makaniki ya gani. In a giya ne, ku duba robar da ke gindin sandunan giya, domin in ta yage ruwan sama ta nan yake shiga. In kuma man inji ƙaruwa yake yi ba wanda ya ƙara, ya yi ruwa, yana warin gazuwal, to gazuwal ne ke zuba ciki ta wajen famfo. Shi ma wannan ba a aiki da shi.

Kafin a taɓa noti

Ku tsayar da motar a wuri mai tauri, madaidaici, inda iska ba ta kaɗo rairayi. Ku sauke garma ƙasa. Ku kashe inji, ku cire waya ɗaya ta batir, ku sa duwatsu gaba da bayan taya. Ku jira inji ya huce. Ku shimfiɗa tabarma ko buhu mai tsabta, ku jera abin da kuka kwance bi da bi, na farko a dama, na ƙarshe a hagu. Wajen mayarwa sai ku fara daga hagu.

Wata magana kuma. Notin tsofaffin Massey an yi su da awon Ingila ne, na inci. Sifanar milimita takan yi musu ɗan yawa, ta cinye kan noti. Ku nemi sifanar da ta zauna daram.

Gyaran da za ku iya yi da kanku

Mu fara da murfin kan inji, domin shi ne ya fi yawan yoyo, shi ne kuma ya fi sauƙi. Ku goge kewayensa kada ƙasa ta faɗa ciki. Ku kwance noti, ku ɗaga murfin. Ku kankare tsohon juwan duka, a hankali, kada ku karce ƙarfen. Ko ɗan ɓarɓashi ya rage, sabon ba zai zauna ba. Ku ɗora murfin bisa gilashi ko wani abu mai shimfiɗa sosai, ku ga ko bakinsa ya lanƙwashe. In ya lanƙwashe, a daidaita shi da ƴar guduma. Ku sa sabon juwan, ku mayar, ku ɗaure kaɗan-kaɗan.

A nan ne mutane suke kuskure. Suna tsammani ƙarfin ɗauri ke hana yoyo. Ɗauri mai tsanani yana murƙushe juwan ya lanƙwasa murfi, yoyo ya fi na da. In noti suna da yawa, kamar na kwanon mai, kada ku gama da ɗaya sannan ku je na kusa da shi. Ku ɗaura na nan kaɗan, ku tsallaka na wancan gefe, ku yi ta zagayawa har sau uku, kamar yadda ake jan tsarkiyar ganga.

In ba a sami juwan na takarda a kanti ba, ana iya yanka shi. Ku sayi takardar juwan wajen masu kayan mota. Ku ɗora ta bisa ƙarfen, ku riƙe kada ta motsa. Ku riƙa bubbuga gefen ƙarfen da ƴar guduma mai zagayayyen kai, a hankali. Bakin ƙarfen da kansa zai yanke takardar. Ku fara da ramukan noti, ku zura noti biyu su riƙe ta, sannan ku yanke sauran. Kada ku yi da robar tsohon tib na taya: mai da gazuwal suna kumbura ta, ta yi laushi ta fita. Maganin liƙi na cikin tib kuma, in za a sa, a shafa kaɗan ƙwarai. In ya yi yawa, guntunsa yana faɗawa cikin inji ya toshe hanyar mai.

Sai matatar gazuwal. Sabuwar matata tana zuwa da zobbanta na roba, manya da ƙarami. Ku canja su duka, ku tabbata tsohon zobe na sama ya fita daga raminsa, kada a ɗora sabo bisa tsoho. Yoyon wannan wuri wayo gare shi. Wani lokaci ba ya zubar da gazuwal, iska yake sha. Shi ya sa motar take ƙin tashi da safe, ko ta mutu a tsakiyar kunya. Bayan kun canja, ku sassauta notin fitar da iska, ku yi ta danna hannun ƙaramin famfo har gazuwal ya fito ba kumfa, sannan ku ɗaure.

Zoben jan ƙarfe da aka ɗaure sau da yawa yana yin tauri. Sabo ya fi. In babu, ku kai wa maƙeri ya gasa shi har ya yi ja, ya huce, zai koma da laushi ya sake aiki sau ɗaya.

Yadda ake sa juwan sipi

Wanda ya fi sauƙin kaiwa shi ne na sandar baya, wadda take juya injin sussuka ko famfon ban ruwa. Ku juye man giya a tsabtataccen mazubi mai murfi, domin za a mayar da shi in yana da kyau. Kafin ku cire tsohon zobe, ku duba yadda ya fuskanta. Ga doka, ku haddace ta: gefen da yake da ɗan wayan nan shi ne yake kallon mai, wato ciki. Wanda aka sa a juye zai zubar tun ranar farko.

Ku shafa yatsa bisa sandar, inda leɓen yake zama. In kun ji zobe da farcenku yake maƙalewa a ciki, sabon juwan ma zai yi yoyo a nan. Makaniki ya san yadda ake sa wa sandar ƴar siririyar riga ta ƙarfe, ko a ɗan gusar da juwan ya zauna a lafiyayyen wuri. Ku girgiza sandar kuma. In tana rawa, boris ɗin da ke riƙe ta, wanda wasu ke ce wa rulma, ya mutu. Sai an canja shi, in ba haka ba kuɗin juwan ya tafi a banza.

Ku shafa wa leɓen sabon ɗan mai mai tsabta, kada ya fara aiki a bushe. In sandar tana da haƙora masu kaifi, ku naɗe su da leda kafin ku zura. Kada ku bugi zoben da guduma kai tsaye. Ku sami guntun bututu mai faɗinsa, ku ɗora, ku buga a hankali har ya shiga daidai, ba gefe ɗaya ya riga ɗaya ba.

In za ku je saye, ku tafi da tsohon a hannu. Ku karanta lambar da ke jikinsa, ku rubuta a takarda. In kun ga lamba uku kamar 35, 52, 7, ma'anarsu faɗin ramin ciki, faɗin waje, da kauri, a milimita. Wanda ya iya karanta lamba ba a miƙa masa abin da ba nasa ba. Ku lanƙwasa leɓen sabon da yatsa. In ya yi tauri ko yana da tsaga, ya daɗe a rana, ku bar shi ko da araha.

Gyaran da sai makaniki

Ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Akwai wurare uku da bai kamata mai koyo ya shiga shi kaɗai ba.

Na ɗaya, juwan kilas, wanda ke tsakanin kan inji da gangar jikinsa. Alamarsa: inji yana zafi da wuri, ruwa yana raguwa ba a ga inda ya zuba ba, farin hayaƙi, kumfa a bakin radiyata, ko mai ya yi fari. Wannan juwan ba a yanka shi da takarda, ba a kuma mayar da tsoho. Notinsa da sifana mai awo ake ɗaure su, bisa tsari.

Na biyu, juwan na bayan inji. A ƙarƙashin motar, tsakanin inji da giya, akwai ɗan rami da wani ɗan ƙarfe ke lilo a ciki. In baƙin mai ke ɗigowa ta nan, na bayan inji ne. In mai haske ne, na gaban giya ne. Kada ku toshe ramin, domin man zai taru ya jiƙa kuloci, motar ta daina ja. Gyaransa sai an raba motar gida biyu, kowane rabi kuwa ya isa ya danne mutum.

Na uku shi ne mafi haɗari. Ku leƙa cikin ƙafafun baya. In kun ga mai yana bin gangar birki, juwan na ƙafa ya mutu, mai ya jiƙa takalmin birki. Birkin da ya sha mai ba ya kamawa. Ku tuna motar nan ita ce take jan tirela ranar kasuwa, da buhuna da mata da yara a bisa. A gangara, in ƙafa ɗaya ta kama ɗaya ta ƙi, motar juyawa take yi. Kada ta hau hanya sai an canja juwan da takalmin birkin tare. In an ɗaga ta, a tokare da kututture mai ƙarfi. Ba a shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita.

Ku kiyaye jikinku da dabbobinku

Kada ku buɗe murfin radiyata inji yana da zafi, ruwan zai yi tsalle ya ƙone fuska. Kada ku laluba tiyon gazuwal na ƙarfe da yatsa inji yana aiki. Gazuwal ɗin da ke fita ta ƴar tsaga yana da ƙarfin huda fata kamar allura. Ramin ƙarami ne, amma yana iya cin yatsa ko hannu. Ku kara kwali ku gani. Wanda abin ya sama, a kai shi likita nan take, kada a jira gobe. Mai babbar riga ko rawani ya nisanci fanka da sandar baya in suna juyawa.

Makiyaya, wannan taku ce. Tsohon man da aka juye ba magani ba ne. Kada a shafa wa raƙumi ko saniya don ƙaiƙayi ko kaska, guba ne, dabba tana lasa, fata tana sha. A nemi ma'aikacin dabbobi. Kada kuma a zubar da shi kusa da rijiya, ko tabki, ko cikin garka. A tara shi a jarka mai murfi, nesa da yara.

Littafin mota

In motar ta ƙungiya ce, ku saya mata ɗan littafi. Ku ja layi huɗu: rana, aikin da aka yi, litar man da aka ƙara, abin da aka canja da lambarsa. Direba ya riƙa rubutawa, magatakarda ya karanta a taro. Ta haka za a ga ranar da shan mai ya fara yawa, tun ciwon yana ƙarami. Ta haka kuma ba za a yi zargin juna a kan kuɗin mai ba. Daga kuɗin huɗar kowace gona a ware wani abu a ajiye don gyara.

Bayan kowane gyara, ku tada inji, ku bar shi ya yi ɗumi, ku kashe, ku sake dubawa da toka. Bayan kwana biyu na aiki ku sake taɓa notin, domin sabon juwan yana kwanciya. Kowace safiya kuma, kafin a tada mota, a duba mai, a duba ruwa, a leƙa ƙasa.

Wanda ya karanta wannan, ya karanta wa direban garinsu da shugaban ƙungiya. Ku je ku leƙa ƙarƙashin motarku yau. Allah ya ba mu damina mai albarka.